Mintunan da Ake Saye da Biliyoyi: Lacca a kan Jiragen Rada na AWACS

 

  Manyanmu da suka sa kaki suka tuɓe lafiya, ina yi muku gaisuwa ta musamman, domin fagenku ne zan shiga yau.

An ɗora mini yin magana a kan jiragen saman soja masu ɗauke da rada, waɗanda aikinsu shi ne hango abokin gaba tun daga nesa da kuma jagorantar jiragen yaƙi a sararin samaniya. Duk mai kallon labarai ya taɓa ganin hotonsu: babban jirgi irin na fasinja, da wani ƙaton faifai a ɗore a gadon bayansa. Duniya ta fi saninsu da AWACS, ni kuwa zan riƙa ce musu jiragen tsinkaye. Ba sa ɗaukar bom, ba sa ɗaukar bindiga. Duk da haka ƙasa takan zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a kan guda ɗaya, kuma ranar da yaƙi ya tashi shi ne abokin gaba ya fi kwaɗayin kakkaɓowa. Me ya sa? Amsata ita ce, abin da jirgin nan ke sayo wa ƙasa lokaci ne, 'yan mintuna na gargaɗi, kuma mintunan ba sa tsinana komai sai a hannun mutanen da suka san abin yi da su. Zan bi maganar gaɓa shida.

Gaɓa ta ɗaya: lissafin mintuna

Rada na'ura ce da ke aika igiyar rediyo ta kuma saurari dawowarta. Idan igiyar ta bugi wani abu, jirgi ne ko tudu, wani ɓangarenta yakan dawo kamar amsa-kuwwa. Daga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo ake sanin nisan abin, daga inda eriya ta fuskanta ake sanin ɓangaren da yake. Inda gizo ke saƙar shi ne, igiyar nan kusan a miƙe take tafiya, duniya kuwa a dunƙule take, doronta yana lanƙwasawa.

Mu ɗauki radar da aka kafa a kan hasumiya mai tsawon mita 30. Jirgin da ke tahowa can ƙololuwar sama za ta gan shi daga ɗaruruwan kilomita. Amma matuƙin da ya san aikinsa ba ta can zai zo ba. Zai sauko ƙasa-ƙasa, mita 100 daga doron ƙasa, ya fake a bayan lanƙwasar duniya. A wannan tsayi radar ba za ta gan shi ba sai ya iso kimanin kilomita 60. Ku yi lissafin tare da ni. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a sa'a yana cin kilomita 15 kowane minti. Kilomita 60 ke nan minti huɗu. A cikin minti huɗun nan ake so mai kallon allo ya tabbatar da abin da ya gani, ya sanar da na gaba da shi, na gaba ya yanke shawara, matuƙi ya ruga ya hau jirgi, ya tayar da inji, ya tashi. Wa zai iya?

To, a ɗauki radar nan a ɗora ta a jirgi, a hau da ita mita 9,000. Daga can iyakar ganinta ta koma kusan kilomita 400. Minti huɗu ya zama minti ashirin da biyar ko fiye. Ƙungiyar tsaro ta NATO ta ce jirginta ɗaya a irin wannan tsayi yana sa ido a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 312,000, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya. Duk abin da zan faɗa nan gaba daga wannan lissafi ya tsiro.

Gaɓa ta biyu: yadda aka koyi darasin

Sojojin ruwa ne suka fara jin zafin matsalar. A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Japan sun riƙa zuwa dab da ruwa su afka wa jiragen ruwan Amurka kafin rada ta gan su. Dabarar da aka yi ita ce tura ƙananan jiragen ruwan yaƙi can gaba da babbar runduna su yi gadi da radarsu. A yaƙin Okinawa na 1945 waɗannan masu gadin ne suka fi kwana ciki, domin matuƙan Japan masu ƙunar baƙin wake da su suke fara cin karo. Tun 1944 kuwa masana a jami'ar MIT suka duƙufa a kan wani shiri mai suna Cadillac, suka rataya rada samfurin APS-20 a cikin jirgin Avenger. Yaƙi ya ƙare kafin jirgin ya shiga fagen daga, amma an riga an buɗe ƙofa. Daga nan Amurka ta fito da EC-121 a shekarun 1950, sai E-2 Hawkeye mai tashi daga kan jirgin ruwa a 1964, Tarayyar Sobiyet kuma ta fito da nata Tu-126.

Labarin da nake so mu tsaya a kansa shi ne na Birtaniya. A ƙarshen 1978 ta ajiye babban jirgin ruwanta mai dakon jirage, Ark Royal, kuma da shi jiragen tsinkayenta na ruwa, samfurin Gannet, suka tafi. An yi tunanin duk yaƙin da za a yi nan gaba kusa da gida za a yi shi, a inuwar NATO. Shekara huɗu ba ta cika ba Ajantina ta mamaye tsibiran Fokland, rundunar ruwan Birtaniya ta tsinci kanta a kudancin tekun Atalantika, dubban kilomita daga gida, ba ido ko ɗaya a sama. Me ya rage mata? Tsohuwar dabarar Okinawa. Ta tura jiragen ruwa gaba su yi gadi.

Ranar 4 ga Mayu 1982, jiragen Ajantina biyu samfurin Super Étendard suka taho dab da ruwa, suka ɗan ɗaga sama suka duba, suka saki makamai masu linzami na Exocet, suka juya. Ɗaya ya huda jirgin ruwan Sheffield, wanda ke cikin masu gadin. Mutum 20 suka mutu, jirgin ya ƙone, bayan kwanaki ya nutse. Ranar 25 ga watan aka sake yi wa jirgin dakon kaya Atlantic Conveyor haka, da shi kuma aka yi asarar helikwaftocin da sojojin ƙasa ke jira, har ta kai su ga ratsa tsibirin a ƙafa. Cikin kimanin mako 11 injiniyoyin Birtaniya suka liƙa rada a jikin helikwafta samfurin Sea King, amma kafin ta iso an gama yaƙin.

Jama'a, abin da aka iya haɗawa cikin mako 11 me ya hana a haɗa shi cikin shekarun da suka gabata? Hankali ne bai kai wajen ba, domin a lokacin zaman lafiya jirgin da ba ya harbi shi ne na farko da mai tsara kasafin kuɗi ke sa wa jan biro. Bayan wannan ma Birtaniya ba ta huta ba. Ta kashe kusan fam biliyan ɗaya a kan ƙera nata babban jirgin tsinkaye, Nimrod, radarsa da kwamfutarsa suka ƙi yin abin da ake so, aka soke shirin a Disamba 1986, ta je ta sayo na Amurka. Kafin su iso, da tsofaffin jiragen Shackleton take gadin samanta, masu ɗauke da waccan radar APS-20 ta shekarun 1940, har zuwa 1991.

Gaɓa ta uku: yaya ake ganin jirgi a cikin tarkacen ƙasa?

Hawa sama ya warware matsala ɗaya ya haifi wata. Radar da ke kallon ƙasa daga sama komai yana amsa mata: duwatsu, gine-gine, itatuwa, igiyar ruwa. Amsar ƙaramin jirgi sai ta nutse a cikin wannan hayaniya. Shi ya sa jiragen farko suka fi amfani a kan teku, a kan tudu kuwa ganinsu ya yi rauni ƙwarai.

Maganin ya fito daga abin da kowa a nan ya taɓa ji da kunnensa. Idan babbar mota ta taho tana hon, ƙarar takan yi tsini, da ta wuce ka sai ta yi kauri. Igiyar rada ma haka take: abin da ke tahowa da gudu yana matse ta, abin da ke gudu yana nisa yana saki. Wannan shi ake kira tasirin Doppler. Dutse ba ya motsi, don haka kwamfuta na iya gane amsarsa ta zubar, ta bar abin da ke gudu kawai. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa a gaɓa ta shida.

Jirgin da ya fara cin moriyar wannan sosai shi ne E-3 Sentry, wanda ya fara aiki da mayaƙan saman Amurka a 1977. Gangar jikinsa ta Boeing 707 ce. Faifan da ke bayansa faɗinsa mita 9, kaurinsa kusan mita 2, yana juyawa sau shida a minti, wato duk daƙiƙa goma ya share sama zagaye ɗaya. Yana iya yin kimanin sa'a takwas a sama, in an ba shi mai yana tafe kuwa ya zarce haka nesa. Guda 68 aka ƙera kafin a rufe layin a 1992, suka tafi Amurka, NATO, Birtaniya, Faransa da Saudiyya. Na NATO a Geilenkirchen ta Jamus suke zaune, ma'aikatansu daga ƙasashe daban-daban. Rasha na da kishiyarsa, A-50, a kan gangar jikin Il-76.

Na zamani sun fara barin faifai mai juyawa. E-7 Wedgetail da Ostareliya, Turkiyya da Koriya ta Kudu ke amfani da shi, da Erieye na kamfanin Saab na Suwidin, wani dogon allo ne a kafe a bayansu. Cikinsa ɗaruruwan ƙananan eriya ne, kwamfuta ke karkata igiyar zuwa duk inda ake so cikin ƙiftawar ido. Idan abu ya ba da shakku, ba sai an jira daƙiƙa goma faifai ya zagayo ba, nan take a sake dubansa.

Gaɓa ta huɗu: mutanen da ke cikin jirgin

Nan ne zuciyar maganata. Mutane sukan ɗauka faifan shi ne jirgin. Ku leƙa ciki. A E-3 mutum huɗu ke tuƙi, amma a bayansu akwai wasu 13 zuwa 19 zaune gaban alluna, ba taga, sa'o'i a jere. Wasu aikinsu bin kowane ɗigo da ya bayyana da ba shi lamba. Wasu tantance shi: namu ne, na abokin gaba ne, ko jirgin fasinja ne? Akwai na'urar da ke tambayar kowane jirgi ta rediyo, na gida ya amsa da lambar sirri. Wasu kuma su ne masu magana da matuƙan yaƙi, su ce wa wannan juya arewa, wancan hau sama, wancan je ka sha mai. Hoton da suka haɗa ana aika shi kai tsaye zuwa allunan jiragen yaƙi, jiragen ruwa da dakarun ƙasa. Saboda haka matuƙi na iya kashe tasa radar ya lallaɓa, yana gani da idon wani.

Idan tsarin nan ya yi aiki, yaƙin sama yakan zama na gefe ɗaya. A watan Yunin 1982, wata guda bayan Sheffield, jiragen Isra'ila da na Siriya suka gwabza a kan kwarin Beka'a na Labanan. Isra'ila na da Hawkeye a sama, tana ganin jiragen Siriya tun suna tashi daga filayensu, kuma ta toshe rediyon da ke haɗa matuƙan Siriya da masu ba su umarni daga ƙasa. Siriya ta yi asarar jirage fiye da 80 cikin 'yan kwanaki. Matuƙanta ba ragwaye ba ne. An tura su ne a makance su yaƙi mai gani. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 ma, galibin jiragen Iraƙi da aka harbo a sama da jagorancin E-3 aka harbo su.

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, idan kunne ya ji amma baki bai faɗa ba fa? Ranar 14 ga Afrilu 1994, a arewacin Iraƙi, inda Amurka da ƙawayenta suka haramta wa jiragen Saddam Hussein tashi, helikwaftoci biyu na sojan ƙasa na Amurka samfurin Black Hawk suka shiga yankin ɗauke da mutum 26: Amurkawa, hafsoshin Birtaniya, Faransa da Turkiyya, da Kurdawa. Sun kira jirgin AWACS da ke sama sun gabatar da kansu, an amsa musu. Da suka shiga tsakanin duwatsu sai alamarsu ta ɓace daga allo, daga baya aka share ta. Can sai ga jiragen F-15 biyu sun shigo sintiri, ba wanda ya gaya musu akwai na gida a wurin. Suka ga abu a radarsu, suka sanar da AWACS. Ba wanda ya ce musu a kula, akwai helikwaftocinmu a wannan ɓangaren. Suka tambaya ta na'urar tantancewa, amsar ba ta gamsar ba, domin lambar da helikwaftocin ke bayarwa ba ita ce ta cikin yankin ba. Rediyonsu ma a tasha daban yake da ta F-15. Matuƙan suka wuce da gudu suka duba da ido, suka ɗauka helikwaftocin Iraƙi ne ƙirar Rasha, suka harbo duka biyun. Ba wanda ya tsira.

Ku lura, 'yan'uwa, rana ce tsaka, ba yaƙi ake ba, babu jirgin abokin gaba ko ɗaya a sama. Labarin da zai ceci rai 26 yana cikin jirgin tsinkayen, a kan mutanen da suka yi magana da helikwaftocin da bakinsu. Bincike ya nuna ba a fayyace wa ma'aikatan wanda alhakin bin helikwaftoci ke wuyansa ba, kuma sojan sama da sojan ƙasa sun daɗe kowa na bin nasa tsarin. Kowa ya zaci wani ne zai yi magana. Mu da muka ji abin da ya faru a Rann a 2017 da Tudun Biri a 2023, ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da kuskuren tantancewa daga sama ke jawowa ba. Ɗaliban da ke nan masu sha'awar aikin soja, ina roƙonku ku karanci wannan lamari na 1994 fiye da yadda za ku karanci nasarar Beka'a.

Gaɓa ta biyar: jirgin da ke ɗauke da saƙon siyasa

Saboda abin da yake iya yi, ba a sayar da jirgin tsinkaye kamar sauran kaya. Da gwamnatin Ronald Reagan ta so sayar wa Saudiyya guda biyar a 1981, Isra'ila da magoya bayanta a Amurka suka tashi haiƙan, suna cewa da shi Saudiyya za ta riƙa ganin duk jirgin da ya tashi a Isra'ila. Da ƙyar cinikin ya tsallake majalisar dattawa, ƙuri'a 52 da 48, a watan Oktoba na shekarar. A 2000 kuma Amurka ce ta matsa wa Isra'ila har ta fasa sayar wa ƙasar Sin radar Phalcon, bayan an riga an ƙulla ciniki. Sin ta koma gida ta ƙera nata, da tsada mai ciwo: a 2006 ɗaya daga jiragen gwajinta ya faɗi a lardin Anhui da mutum 40. Yau tana da KJ-2000, KJ-200 da KJ-500, kuma ba ta roƙon kowa.

Akwai lokacin da abin ya zo kusa da mu. A watan Agustan 1983, ana tsakiyar yaƙin Chadi, jiragen Libiya na ruwan bama-bamai a Faya-Largeau don taimaka wa Goukouni Oueddei a kan gwamnatin Hissène Habré. Amurka ta aika AWACS biyu da rakiyar jiragen F-15 zuwa Sudan. Saƙo ne ga Gaddafi na Libiya cewa ana kallonsa, kuma matsin lamba ne ga Faransa ta shigo. Faransa ta tura dakarunta Chadi a cikin watan, kafin watan ya ƙare kuma Amurka ta janye jiragenta. Gwamnatoci na son wannan jirgi a irin wannan hali saboda yana nuna da gaske ake ba tare da an harba harsashi ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ma, jiragen AWACS na NATO ne suka tsallaka teku suka yi watanni suna gadin saman Amurka.

Gaɓa ta shida: rauninsa, da abin da ba ya gani

Wanda ya kunna tocila a daji da dare yana ganin taku kaɗan a gabansa, amma shi ana hango shi daga nesa mai yawa. Haka jirgin tsinkaye yake. Igiyarsa sai ta je ta dawo kafin ya ga abu, na'urar sauraron abokin gaba kuwa zuwan kawai take jira. Ga shi babba, ga shi ba sauri, ga shi ba makami. Shekaru da dama kariyarsa ita ce nisa da jiragen rakiya. Yanzu Rasha, Sin da Amurka duk suna da makamai masu linzami masu cin ɗaruruwan kilomita, kuma irin wannan jirgi na cikin abin da aka ƙera su dominsa. A Janairu 2024 Rasha ta rasa A-50 a kan tekun Azov, a Fabrairu ta sake rasa wani a yankin Krasnodar, Yukiren ta ce ita ta harbo su. Ƙasar da jiragenta irin wannan ba su da yawa, asarar biyu babbar asara ce, kuma ƙarfen ma ya fi sauƙin mayarwa a kan ma'aikatan da aka yi shekaru ana horarwa. A ƙasa ma ba su tsira ba: a Agustan 2012 'yan Taliban suka kutsa sansanin Kamra na Pakistan suka lalata jirgin Erieye yana ajiye.

Wannan rauni na cikin abin da ya sa a 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta nemi fasa sayen E-7 da aka tsara zai gaji E-3, tana cewa taurarin ɗan'adam za su karɓi aikin, 'yan majalisa da tsofaffin janarori da dama kuma suka ce ba su yarda ba. A nawa ganin, ko da radar ta koma can sama, ba a rabu da Bukar ba: dole dai a samu waɗanda za su tantance, su yanke shawara, su yi magana da matuƙi.

Na san tambayar da ke ran da yawa daga cikinku, don haka bari in riga ku. Shin irin wannan jirgi zai gano mana 'yan bindiga a dajin Zamfara ko a bakin tafkin Chadi? Ku tuna abin da na ce ku riƙe. Radarsa an gina ta ne don ta zubar da ƙasa da abin da ke tafiya a hankali a kanta. Babur a ƙarƙashin itatuwa yana cikin tarkacen da kwamfutar ke sharewa. Bin abin da ke motsi a ƙasa aikin wasu jirage ne daban, masu kyamara da wata irin rada, da jirage marasa matuƙi, da kuma bayanan mutanen gari. Wasu sababbi kamar GlobalEye sun haɗa ayyukan biyu, amma da na'urori daban-daban a jirgi ɗaya. A nahiyarmu Masar na da Hawkeye tun shekarun 1980, domin barazanar da ta tsara wa kanta ta jiragen yaƙin wata ƙasa ce.

Kuma jirgi ɗaya ba ya gadi. Don a samu ido ɗaya a sama dare da rana sai an tanadi uku ko huɗu, saboda wani na gareji, wani na horo, wani na hanya, kowanne da rukunin ma'aikatansa. Sannan sai an samu jiragen yaƙin da za su amsa kira, in ba haka ba an sayi gargaɗin da ba mai aiki da shi. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne Barazil. Ta ɗora radar Erieye a kan ƙananan jiragenta na Embraer guda biyar, ta sa su cikin tsarin sa ido a dajin Amazon, tare da radar ƙasa da cibiyoyin tattara bayanai, don kama ƙananan jiragen masu fataucin ƙwaya da ke bin ƙasa-ƙasa su tsallaka iyaka. Ƙasashen da ke da Sahara a bayansu, inda ake saukar da jirgi a fili ba da sanin hukuma ba, suna da dalilin nazarin yadda Barazil ta yi, tun daga cibiyoyin ƙasa da yarjejeniyar musayar bayanai da maƙwabta, kafin a kai ga zancen sayen jirgi.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.   Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu a kai masa makirfo, kuma ina roƙon a fara da tsofaffin hafsoshinmu.